ZANCEN GIDA: Kafin A Kwaɓa Siminti, A Ɗauki Fensir

 

Wata 'yar'uwa daga wajen Malumfashi ta rubuto mini wasiƙa. Ta ce shekara biyu ke nan ita da maigidanta suna tara kuɗi domin su yi wa ɗakin yara daɓen siminti kafin Kirsimeti. Magini ɗaya ya ce musu buhu 5 ya isa, wani kuwa ya ce sai 12. Tana tambaya, wanne za su gaskata? 'Yar'uwa, amsata ita ce, kada ku gaskata ko ɗaya tukuna. Ku fara auna ɗakin da kanku. Bari in gaya muku yadda na koyi wannan, gama ban koye shi da daɗi ba.

Shekarar da muka kama gida kusa da Gobarau a nan birnin Katsina, na yi wa uwargida alkawarin daɓe. Na kirawo wani magini, ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa, ya ce, "Malam, buhu biyar ya yi." Ni da nake koya wa yara lissafi kullum safiya, ban ɗauki ko igiya na auna ba. Da la'asar siminti ya ƙare, saura kashi ɗaya cikin uku na ɗakin, ba a ma zo kan shafen sama ba. Kuɗin da na ware wa leburori biyu, shi na ɗauka na ƙara sayen buhu ɗaya, duk da haka bai kai ba. Muka yi mako uku muna tsallake rabin daɓe, har albashi ya fito. Uwargida ta ba da kuɗin adashinta, wanda ta ajiye domin ɗinkin yara na Kirsimeti. Ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kaɗai shi ne, "Malam, da ɗalibinka ne ya yi haka, maki nawa za ka ba shi?" Har muka bar gidan nan akwai tsaga a daidai inda sabon kankare ya haɗu da tsoho, ta nan tururuwa take shigo mana.

Kowace safiya a kwanakin nan ina wuce hasumiyar Gobarau a kan hanyar makaranta. Ginin ƙasa ne, tsawonsa kimanin ƙafa 50, masana tarihi kuma suna danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau, watau fiye da shekara 500 ke nan. Magina na wancan zamani ba su da siminti, ba su da motar tifa, amma sun fara, sun kuma gama. Duk sa'ad da na ɗaga kai sai in tuna da Luka sura 14, aya 28 zuwa 30, inda Ubangiji ya ba da misalin mai ginin hasumiya wanda ya kafa tushe, abin hannunsa ya ƙare, masu wucewa suka mai da shi abin dariya. Na sani zancen bin Almasihu yake yi a wurin. Amma ya zaɓi misalin ne domin kowane mai sauraro ya san mai hankali yakan zauna ya ƙididdige tukuna. To, bari mu zauna mu ƙididdige.

Na fari, awo. Ku auna tsawon ɗaki da faɗinsa daga ciki, ku ninka ɗaya da ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 ta kowane gefe ya zama murabba'in ƙafa 144. A awon mita, kowane gefe kusan mita 3 ne da santimita 60, watau wajen murabba'in mita 13. Ku rubuta duka biyu, gama magina har yanzu da ƙafa da inci suke magana, amma tayil da mita ake sayar da shi. Sa'an nan ku duba ƙasan ɗakin. Idan wani gefe ya yi kwari, a cike shi da jar ƙasa ko ɓaraguzan bulo, a yayyafa ruwa, a daddage shi sosai. Cike rami da kankare daidai yake da cike shi da kuɗi. Wannan ne ya cinye nawa simintin.

Na biyu, kauri da haɗi. Abin da ya raba maganar maginan nan biyu ke nan. Mai buhu 5 yana nufin siriri, ko kuwa zai cika yashi. Mai buhu 12 watakila yana nufin mai kauri ƙwarai, ko kuwa yana da nasa nufi. Ku tambayi kowannensu, inci nawa, kuma wane haɗi?

Buhun siminti kilo 50 ne, yakan cika kwanon nan na ƙarfe da leburori ke ɗauka a ka har sau biyu. Haɗin da ya isa ɗakin kwana shi ne siminti kashi 1, yashi kashi 3, tsakuwa kashi 6. Watau kowane buhu yana tafiya da yashi kwano 6 da tsakuwa kwano 12. A ɗakin da muka auna, kankare mai kaurin inci 4 zai ci wajen buhu 6, da yashi kwano 36, da tsakuwa kwano 72. Shafen sama mai kaurin inci 1, siminti kashi 1 yashi kashi 3, zai ci wajen buhu 3 da yashi kwano 18. Jimla buhu 9. Ku ƙara ɗaya domin ko-ta-kwana, ya zama 10. Kun ga ke nan, ba 5 ba ne, ba kuma 12 ba.

Na uku, idan tayil ne. Tayil mai santimita 40 ta kowane gefe, guda 9 ne za su jeru a tsawo, 9 a faɗi, watau 81. Wanda za a yanka a zagaya gindin bango da shi zai ci wajen guda 9 kuma, ya zama 90. Ku ƙara kashi 10 cikin 100 domin fashewa da yanka, ya zama 99. Idan kwali yana ɗauke da guda 12, kwali 9 za ku saya. Ku karanta jikin kwalin da kanku, domin adadin yakan bambanta. Ku kuma saye shi duka rana ɗaya. Wanda ya koma kasuwa bayan wata biyu neman guda biyar, sau da yawa yakan tarar launin ya ƙare.

Na huɗu, ƙananan abubuwan da ake mantawa. Kuɗin ɗauko kaya daga kasuwa zuwa gida. Kuɗin sauke su. Ledar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kankare domin hana danshi tasowa. Abincin ma'aikata. Sai kuma ruwa, wanda a unguwanni da yawa a wurin 'yan garuwa ake saye. Ba na kwaɓi kaɗai ba: tilas a riƙa jiƙa sabon daɓe safe da yamma har kwana 7, balle da hunturu, sa'ad da iska take busar da shi tun bai kama ba. Siminti ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28, saboda haka mai son kwana a ɗakin ranar Kirsimeti kada ya fara aiki ranar 20 ga Disamba.

Na biyar, farashi. Ban rubuta muku kuɗin kome ba, da gangan. Buhun da ake saye wajen naira 5,000 a ƙarshen 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Ƙiyasin da ya kwana wata ɗaya ya zama tsohon labari. Ku rubuta adadin kaya a gefe ɗaya na takarda, ku je shago uku ku tambayi farashi a makon da za ku saya, sa'an nan ku ninka.

Kada kuma tsoron ƙarancin kaya ya kai ku ga ɗibar abin da ya fi ƙarfinku. Siminti ba dawa ba ne da za a zuba a rumbu. In ya daɗe, ko ya sha danshi, sai ya dunƙule ya zama dutse. Ƙasarmu ma ta taɓa yin wannan kuskure. A 1975 ma'aikatun gwamnati sun yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar jiragen ruwa ta Ikko ba ta iya sauke fiye da kimanin tan miliyan 1 a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, wani simintin ma ya daskare a cikin jirgi. Rashin lissafi ba ya barin mai kuɗi, balle talaka.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi a zuciyata. Kuɗin magini da na leburori, shi za ku fara warewa, ku sa a ambulan dabam, kada ku taɓa. Ku yi jinga a gaban shaida, a faɗi abin da aikin ya ƙunsa: da ciko, da kankare, da shafe, ko kuwa wani sashi kaɗai. Ɗaya daga cikin leburorin da na riƙe wa kuɗi mako uku tsohon ɗalibina ne. Bai taɓa zuwa ya tambaye ni ba, saboda kunya. In mun haɗu a hanya sai ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Malam," ni kuwa in rasa inda zan sa idona. Littafin Firistoci 19:13 ya hana hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Idan maigida ya yi kuskuren lissafi, bai kamata lebura ne zai biya da cikinsa ba. Maƙwabtanmu ma, Musulmi da Kirista, suna gani, da irin wannan suke auna shaidarmu.

To, in an yi lissafi aka ga kuɗi bai kai ba fa? Ba abin kunya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada ku rage siminti ku cika yashi, gama araha ba ta ado: kafin shekara daɓen zai fara tashi yana ƙura a ƙarƙashin tsintsiya. Gara a gama ɗaki ɗaya sarai, a bar sauran sai baɗi. A fara kuma da inda yara ke rarrafe, domin daɓe mai wankuwa yana kāre su. A ƙasar Meziko, a jihar Kowahuwila, gwamnati ta fara yi wa gidajen talakawa daɓen siminti a shekarar 2000, masu bincike kuma suka tarar tsutsar ciki da gudawa sun ragu ƙwarai a wurin ƙananan yara.

Kada mu rena daɓen iyayenmu kuma. A dā mata sukan yi gayya, a baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, a jeru da madaɓai ana bugu ana waƙa, a ƙarshe a zuba ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, daɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Ko a wannan ma akwai lissafi. Uwar gayya ta san mata nawa za su zo, ta san mudu nawa na gero kununsu zai ci, tun kafin ta aika kira. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

'Yar'uwa ta Malumfashi, ga aikin gida. Yau da dare ki samo igiya da fensir, ke da maigida ku zauna tare, ku kira babban yaronku ya riƙe bakin igiyar, shi ma ya yi ninkin a littafinsa. In amsarku ta zo ɗaya, sa'an nan ku aika a kira magini. Ku rubuto mini yadda aka ƙare.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku. Sai wata mai zuwa, in ya bar mu da rai.