Ina Ake Samun Masa Ta Ƙwarai?

Yau batun ciki za mu yi, kuma ina roƙon masu karatu kada su raina shi.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya wani ɗan ƙanena da ke aiki a Abuja ya matsa mini sai na ɗanɗani wani abincin mutanen Italiya da ake kira fiza. Ya kai ni wani kanti mai gilasai da fitilu kamar ana biki, aka miƙo mana abin a cikin kwali. Ga wanda bai taɓa gani ba, wani faffaɗan burodi ne kamar faifai, an shafe shi da tumatir, an zuba cuku ya narke a kai. Na ci, ba laifi, amma da na ga kuɗin da yaron ya zaro ya biya ko ciniki babu, sai na ji abin ya tsaya mini a wuya. Shi da kansa ya ce mini, "Baba, ai wannan ba ita ce ta ainihi ba. A can ƙasarsu waɗanda suka san abin ba su zuwa irin waɗannan manyan kantuna, lungu suke shiga su nemi tsohon gidan da kakanninsu suka saba ci."

Da na bi diddigi sai na tarar gaskiya ya faɗa. Asalin fiza abincin talakawan birnin Nafoli ne, watau 'yan dako da masu aikin bakin teku, waɗanda ke saye a titi su ci a tsaye. Mutanen birnin suna ba da labarin cewa a 1889 wani mai gashi ya yi wa sarauniyarsu Margarita wata mai tumatir da farin cuku da ɗanyen ganye, launin tutar ƙasarsu ke nan, har yau kuma da sunanta ake kiran wannan iri. 'Yan ci-rani suka tafi da sana'ar Amurka, inda gidan Lombardi ya buɗe a birnin Niyok a 1905. To, da abin ya bazu duniya, kowa na kwaɓa abin da ya ga dama yana kira fiza, sai tsofaffin masu sana'ar a Nafoli suka kafa ƙungiya a 1984, suka rubuta ƙa'ida: kwaɓin kada ya wuce gari da ruwa da gishiri da yis, a bar shi ya huta awa 8 ko fiye, da hannu za a faɗaɗa shi, a murhun itace za a gasa, kuma kada ya wuce daƙiƙa 90 a wuta. A 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Kanawa za su ce ai wannan gurasarsu ce, su nuna maka tanderun Jakara da bandashe mai ƙuli-ƙuli da albasa, kuma ban musa musu ba. Amma ni da na ji batun kwaɓin da ke kwana da wutar itace da gidan cikin lungu, masa ce ta faɗo mini a rai, wadda Kanawan ke kira waina, kuma wata masa ce takamaimai da na ci a Kagarko.

Ɗaurin aure ne ya kai ni. Mai tasowa daga Kaduna ya nufi Abuja, in ya iso Jere sai ya saki babbar hanya ya kama wadda ta bi ta Kagarko ta nufi Kwoi da Kafancan. A can na kwana. Da muka idar da sallar asuba sai mai masaukina ya ce in biyo shi. Muka bar bakin titi, muka yi ta ratsa lunguna har na fara tsammanin gaisuwa za mu wani gida. Ba allo, ba suna, ba kujera sai wani benci da ya ga duniya. Abin da ya shaida mini mun iso shi ne hayaƙi, da ƙamshin man gyaɗa, da yara wajen goma a tsugune kowa da kwanon gidansu.

Wata dattijuwa ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno a bakin zaure, gabanta tandar ƙasa wadda ta yi baƙi ƙirin saboda shekaru. Tana ɗiga mai, ta zuba ƙullu da ludayi, kafin ta kai gurbi na ƙarshe na farko ya isa juyawa, hannunta bai taɓa tsayawa ba, alhali kuwa tana amsa gaisuwa tana lissafin canji tana kuma tsawata wa wani yaro da ya so ya tsallake layi. Da aka zubo mana na ɓara guda ɗaya, sai ga bayanta ja-ja-jur yana ƙaras-ƙaras, cikinta fari sol mai huji-huji kamar saƙar zuma, da ɗan tsami kaɗan wanda ba ya kai wa ga yamutsa fuska. Miyar taushe ce a kai, ta kabewa da gyaɗa da ɗan yakuwa, ga yaji a gefe mai ƙamshin citta, abin da ba mamaki a ƙasar da citta ce noman mutane.

Na ce, "Inna, sannu da aiki. Me kike sa wa ƙullun nan?"

Ta yi dariya ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Malam, ba abin da nake sawa wanda wasu ba su sa. Jira nake yi, su ba su jira."

Ta ce shinkafar tuwo take jiƙawa tun da rana, a kai niƙa da la'asar, ta haɗa da ɗan dafaffiyar shinkafa, ta rufe a tukunyar da ta gada wurin uwarta, ba ta kuma taɓawa sai asuba, sa'an nan ta ɗiga ruwan kanwa gwargwadon yadda harshenta ya gaya mata. Lokacin sanyi takan matso da tukunyar kusa da murhu, lokacin zafi ta kai ta inuwa. Kwanan da ƙullu ke yi shi ke sa shi tashi da kansa, shi ke kawo tsamin nan da hujin nan, kanwa kuma ta rage kaifin tsamin. Mai gaggawa sai ya antaya yis da hodar kumburi ya soya bayan awa guda, masar ta kumbura ƙwarai, ta yi kyan gani, amma ka ci ka ji kamar auduga. Haka nan tandar ƙasa a hankali take ɗaukar zafi ta kuma riƙe shi, don haka ciki ke nuna tare da baya. Tandar dalma a kan gas kuwa, in ba a hannun gwana ba, sai baya ya ƙone ciki na ɗanye.

Tun daga ranar na riƙe wasu alamu, kuma duk garin da na sauka ina gwada su. Kada ka tambayi yaron tasha inda baƙi ke cin abinci, zai nuna maka inda ake ba shi lada. Tambayi ladan ko tsohon direba inda ake sayo wa gidansa karin kumallo. In ka tarar da yaran unguwa da kwanuka, to, ka iso, don matar gida ba ta aika ɗanta wurin da aka taɓa cutarta. Ka shinshini man kafin ka zauna. Wadda ke sayar da masa da shinkafa da taliya da ƙosai duk a tebur ɗaya, ka yi mata fatan alheri ka wuce. Kuma ka yi sammako: masa ta ƙwarai ba ta kaiwa hantsi, wadda ka tarar da azahar a cikin kula ta riga ta yi gumi.

Abin da ya dame ni shi ne amsar da ta ba ni da na tambayi wanda zai gaje ta. 'Ya'yanta mata sun yi aure a wasu garuruwa, jikar da ke gabanta tana makaranta, ta kuma ce ba za ta iya hayaƙi ba. Ban ga laifin yarinyar ba, don na ga idanun kakarta yadda suka yi ja suna ruwa, kuma ba ni cikin masu son a cire yarinya daga aji a ɗora mata tire. Ga kuma tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin niƙa da na mota suka tashi, a daminar 2023 kuma cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kagarko da Kaciya da Jaba, har citta ta nemi gagarar mai yaji a inda ake nomanta. Dattijuwar ta ce ta gwammace ta rage girman masa da ta sauya mai ko ta daina kwanar da ƙullu, kuma da ta rage ɗin har gori aka yi mata.

Mun taɓa ganin irin wannan. Kafancan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, kuma muna yara in jirgi ya tsaya a can, mata ne ke kewaye taragu da abinci mai zafi iri-iri. Da harkar jirgin ta mutu, sana'arsu ta bi ta, ba wanda ya rubuta yadda suke yi. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana da tasha a Jere, amma fasinjansa ba ya sauka neman masa, shekarun da masu satar mutane suka addabi hanyar mota kuma sun koya wa matafiya gudu ba tsayawa.

Ba na cewa gwamnati ta kafa hukumar masa, Allah ya kiyaye, sai a ci kuɗin a bar tandar. Amma ƙaramar hukumar da ke iya kashe kuɗi a kan rawar gargajiya ranar da babban baƙo zai zo, tana iya taimaka wa irin waɗannan mata da murhu mai bututun fitar da hayaƙi, wanda ke rage cin itace ya kuma ceci idanu. Malaman koyar da girki a makarantunmu su ma ba abin kunya ba ne su je su tsuguna gaban tanda da littafi a hannu. Mafi girman laifin kuwa namu ne, mu masaya. Mutumin da zai biya kuɗin kwalin fiza bai ce uffan ba, shi ne zai tsaya yana jayayya da tsohuwa a kan gyara. Mutanen Nafoli da suka ce da tsohuwar zuma ake magani, ba a baki suka tsaya ba, layi suke bi su biya.

Da za mu tashi na sa aka ƙunsa mini ta guzuri, na ƙi karɓar canji, ta bi ni da shi har bakin lungu sai da mai masaukina ya sa baki. Ta ce in na sake zuwa kada in wuce ƙarfe 8, kuma in taho da kwanona.

Masu karatu da suka san irin waɗannan gidaje a garuruwansu, ko na masa, ko na gurasa, ko na tuwon acca da fate, su rubuto mana da kwatance, za mu buga. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.