Majami'ar Da Aka Feɗe Wa Bango A Lardin Soriya

Da yawa daga cikin mutanen da ke kai ziyara ƙasar Sifen ba su wuce Madrid da Basalona, in sun yi nisa su leƙa Kurɗuba. Ra'ayinmu shi ne, duk ma'aikaci ko ɗalibin da Allah ya nufa da zuwa can, ya daure ya ratse zuwa lardin Soriya, arewa maso gabas da Madrid, domin akwai darasi a can wanda manyan birane ba su koyarwa.

Soriya lardi ne mai faɗi, murabba'in kilomita fiye da 10,000, amma mutanen cikinsa ba su kai 100,000 ba, saboda matasa sun daɗe suna ƙaura zuwa birane neman abinci. Duk da haka ƙasa ce mai tsohon tarihi. A ƙarni na 10 nan ne iyakar daular Musulmin Andalus da sarakunan Kirista na arewa. Har yanzu ganuwar Gormaz, wadda aka ƙarfafa a shekarar 965 zamanin Halifa Alhakam na Biyu, tana tsaye bisa tsauni tana kallon kogin Duwero. A garin Medinaceli kuwa, watau Madinatu Salim, nan ne shahararren mayaƙin nan Almansur ya rasu a shekarar 1002.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar majami'a mai suna San Baudelio, kusa da ƙauyen Casillas de Berlanga, wadda aka gina a ƙarni na 11. Daga waje ba ta da wani kwarjini. Amma da shigarka sai ka ga ginshiƙi guda a tsakiya ya yi rassa takwas kamar dabino yana riƙe da rufi, ga kuma ƙananan bakuna irin na masallatan Andalus. A ƙarni na 12 aka ƙawata bangonta da zane-zane: labaran Linjila, da maharba, da giwa, har da raƙumi.

A shekarar 1917 gwamnati ta sa ginin cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, amma ta bar shi a hannun wasu manoman ƙauyen. A 1922 wani dillali ya saye zanen daga hannunsu a kan peseta 65,000, kuɗin ƙasar na wancan zamani. Aka yi ta shari'a, a 1925 Kotun Ƙoli ta ce ciniki ya halatta, a 1926 aka ɓamɓare zanen daga bango aka yi Amurka da shi. Yau raƙumin nan yana birnin New York. Da Sifen ta so a dawo mata da guda shida a 1957, sai da ta ba da aron ƙuryar wata majami'ar ta lardin Segobiya, aka kwashe ta dutse bayan dutse. Su ma shidan ba su koma ƙauyensu ba, suna gidan tarihi na Prado a Madrid.

To, laifin wa? Wasu za su ce na manoma ne, wasu kuma su ce ai gara haka, tun da a can Amurka ana kula da zanen. Mu dai ba mu yarda ba. Talakan da ke fama da noman tudu, a nuna masa kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ba shi ne abin zargi ba. Abin zargi shi ne hukumar da ta rubuta suna a takarda ta ɗauka ta gama aiki, ba ta sayi ginin ba, ba ta kuma yi dokar da za ta tsare shi ba. Cikakkiyar doka sai a 1933 ta zo, bayan ɓarna ta auku. Zanen da aka raba da bangonsa kuwa ya zama maraya, ko da an rataye shi a fada.

Saboda haka wanda ya je, ya tsaya gaban bangon nan ya dubi inuwar zanen da ta saura, gani ya kori ji. In wata rana aka ɗora masa amanar kayan jama'a, sai ya tuna cewa sa hannu a takarda ba shi ne tsaro ba. Allah ya sa mu gane.