Mu Ƙaru da Sani: Tabarau na Karatu

Manoma da makiyaya da yawa suna barin ajin yaƙi da jahilci in sun wuce shekara 40. Suna cewa baƙaƙe sun dushe masu, kansu ya tsufa. Alhali matsalar tana ga ido.

Malam Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya nuna cewa sai haske ya shiga ido sannan mutum yake gani. Cikin ido akwai wata ƙwaya garau mai tattara hasken. Ga yaro tana da taushi, tana kumbura in zai duba abu na kusa. Da shekaru sai ta yi tauri. Shi ya sa dattijo yake gane saniyarsa daga nesa, amma takarda sai ya miƙe hannu da ita.

Maganin abin tabarau ne. Gilashinsa yana da kauri a tsakiya, yana taya ido tattara haske. An fara yin sa a Italiya, yau fiye da shekara 700.

Kowane tabarau da lambarsa, na wani ba lalle ya yi wa wani ba. A je asibiti a auna ido. In gani ya dushe kusa da nesa duka, wataƙila yanar ido ce. Ita aiki ake yi mata a asibiti.

A koma aji. Gemu ba ya hana ilimi.