Me ya sa ake ɗaukar ɗan sama jannati a kujera idan ya sauko?



Wa ya manta wasan hajijiya? Muna yara a Ɗanbatta, mukan buɗe hannuwa a dandali mu yi ta juyi har mu zube, muna ganin gari na juyawa alhali yana nan inda yake. To, wurin da wannan jiri ke tasowa a jikinmu, shi ne ke hana ɗan sama jannati tsayuwa ranar da ya dawo duniya.

Can cikin kunnenmu akwai 'yan bututu uku masu ruwa, da wasu duwatsu ƙanana ƙwarai. Idan ka juya kai, ruwan ya motsa. Idan ka sunkuya, nauyi ya ja duwatsun. Da wannan saƙo, haɗe da na ido da na tafin ƙafa, ƙwaƙwalwa ke gane sama da ƙasa. Da shi ne yarinya ke ɗauko tulu daga rijiya har gida ba ta yi tangaɗi ba.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kewaya duniya a nisan kusan kilomita 400 daga doron ƙasa. Waɗanda ke cikinta shawagi suke yi, ba sa jin nauyin jikinsu. Saƙon duwatsun kunne sai ya rikice, ƙwaƙwalwa ta koma dogaro da ido. Ƙafafu kuma ba su da aiki, tsoka ta rame, ƙashin ƙugu da na ƙafa yakan ragu da kamar kashi 1 cikin 100 a kowane wata. Shi ya sa suke motsa jiki kusan awa biyu kullum, har da gudu a kan na'ura, an ɗaure su da majanyi don kada su tashi sama.

Duk da haka, saukowa ba ta da sauƙi. Ba'amurke Frank Rubio ya yi kwana 371 kafin ya sauka a Kazakistan a Satumban 2023, kuma ɗaukarsa aka yi daga bakin kumbon zuwa kujera. Valeri Polyakov na Rasha, wanda ya yi kwana 437 a tashar Mir, ya taka 'yan sawu da ƙafarsa a 1995, har yau ana ba da labarin.

Hukumar NASA ta Amurka takan ware wa wanda ya dawo kwana 45 na horo a birnin Houston. Ana farawa da tsayuwa da tafiya a hankali, sai atisaye cikin ruwa, tafiya a kan layi ɗaya, tsayuwa da ƙafa ɗaya, sannan ɗaga nauyi. Jiri yakan lafa cikin kwanaki ko makonni, amma ƙashi yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru.

Wannan darasi namu ne a gida. Mun sha ganin yaron da aka kwance wa ɗori, ƙafar ta sirance, ko kakar da jinya ta kwantar wata guda, ta tashi tana dafa bango. Tausayi kan sa mu ce, “Iya, kwanta ki huta.” Amma jiki yakan zubar da abin da ba ya amfani da shi. Idan likita ya ce a fara takawa, mu riƙe hannunta mu zagaya tsakar gida safe da yamma. Sannu ba ta hana zuwa. Wannan shi ne aikin likitocin gashin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala, kuma ana karanta fannin a Jami'ar Bayero, ga mai sha'awa cikinku.

Ga aikin gida: tsaya kusa da bango da ƙafa ɗaya, ka ƙirga har ka gaji. Sake yi ido a rufe, ka kwatanta. Ku rubuto mana abin da kuka samu.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.