Kada A Matse Ƙofar Sashen Zuciya

Akwai ƙorafin da ya zama ruwan dare a bakin manyan likitoci da masu tafiyar da asibitocin koyarwa: wai ƙananan asibitoci sun cika turo mutane sashen zuciya babu dalili. Duk wanda ya dafe ƙirji sai a rubuta masa takarda. Mai olsa, mai fargaba, mai hawan jinin da ƙwaya ɗaya za ta saukar, duk suna layi ɗaya. Maganin da suke kawowa shi ne a matse ƙofa, a riƙa mayar da takardar da ba ta gamsar ba. Ban yarda da wannan ba, kuma in aka bi shi a ƙasar Hausa, masu jego ne za su fara kwana a ciki.

Yaushe ne ma ƙwararren likita yake gane cewa bai kamata a turo wane ba? Sai bayan ya yi masa awon bugun zuciya, ya ɗora masa na'urar eko, ya ga zuciyar ƙiri-ƙiri tana aikinta. Likitan da ya rubuto takardar kuwa yana can babban asibitin ƙaramar hukuma, daga shi sai abin sauraron ƙirji da na'urar awon jini, ga marasa lafiya cike da baranda. Ya ji abin da bai kwanta masa ba, ya tura gaba. Da me ake so ya tantance? Wanda yake da fitila ba shi da bakin zargin wanda aka bari yana lalube.

Mu dubi wani ciwo da yake addabar mu. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana yadda zuciyar mata take gazawa bayan haihuwa a Zariya, suka danganta abin da wankan jego, kwanciya kan gado mai zafi da shan kunun kanwa. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya jawo hankali ga ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin waɗannan mata. Wani bincike a Sakkwato ya samu ciwon a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari, abin da ya sa arewacin Najeriya cikin wuraren da ya fi yawa a duniya.

Ga yadda yake zuwa. Mace ta haihu lafiya, an sha suna. Kafin ta gama arba'in sai ƙafa ta kumbura, takalmin da ta saba sawa ya ƙi shiga. Daga ɗaki zuwa madafi sai haki. Da dare tari ya hana ta sakat, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da bango, a zaune za ta yi barci. A gida a ce sanyi ne ya kama ta, a kemis a ba ta maganin tari, a ƙaramin asibiti wataƙila a ce asma ce. Kafin wani ya ambaci zuciya, wata biyu ko uku sun shuɗe, ruwa ya taru a huhu da ciki. Wannan matar ba ta cikin lissafin masu ƙorafi, domin su waɗanda suka iso suke ƙirgawa. Haka yaron da ciwon maƙogwaro ya lalata masa ƙofofin zuciya, ba a gano ba sai ya kai saurayi ya kasa hawa keke.

Idan aka turo mai olsa bisa kuskure, asarar ita ce kuɗin mota da 'yan mintocin likita. Idan aka tsorata ƙaramin likita har ya fara shakkar rubuta takarda don gudun a yi masa faɗa, asarar rai ce, da jaririn da zai tashi babu uwa.

Gaskiya ne akwai takardun da ba su da kan gado, layi biyu kacal, babu awon jini, babu sunan maganin da mutum yake sha. Amma takarda nawa ce take komawa daga asibitin koyarwa zuwa ga wanda ya turo, a ce masa ga abin da muka samu, ga yadda za ka ci gaba da kula da shi? Likitan da bai taɓa jin sakamakon wanda ya tura ba, ta ina zai gyara? Kuma in ana neman waɗanda suka cika layi ba bisa ƙa'ida ba, a fara da masu hanya, waɗanda waya ɗaya take kai su gaban babban likita, alhali talaka yana riƙe da katin da aka rubuta masa ya dawo bayan watanni.

Gwamnatocin jihohi su sa na'urar awon bugun zuciya da eko a manyan asibitocinsu, su horar da masu aiki da su. Sashen zuciya ya ware lambar waya da ƙaramin likita zai kira ya nemi shawara kafin ya ɗora mara lafiya a mota. Duk mai jegon da ta zo da haki da kumburin ƙafa kuwa, a duba ta a ranar, ko takardarta ta yi kyau ko ba ta yi ba.