Shahid Chamran: Darasi Ga Matasa

Akwai matasan da suka ɗauka gwagwarmaya ita ce ɗaga murya da kabbara a wajen muzahara kawai. To, su dubi rayuwar Shahid Dakta Mustafa Chamran.

An haife shi a Tehran a 1932. Ya yi digirin dakta a Amurka, ya sami aiki mai tsoka, amma ya yi watsi da wannan daula, ya tafi Masar ya sha horon soja. Daga baya ya sauka Kudancin Lebanon wajen Imam Musa Sadr, ya riƙe makarantar koyon sana'a ta marayu da 'ya'yan talakawa. Bayan juyin 1979 ya zama Ministan Tsaron Iran. Da Saddam ya kawo hari a 1980, filin daga ya nufa, har ya yi shahada ranar 21 ga Yuni, 1981.

Ilimi, ƙarfin jiki da hidimar raunana ne suka kai shi wannan matsayi. Matashin da barci ke hana shi sallar Asuba, bai san halin da marayan unguwarsu suke ciki ba, wane nauyi za a ɗora masa gobe? Allah Ya sa a gyara.