A Koma Tudu, To Awakin Fa?

Kowace shekara, kafin damina ta kankama, hukumar hasashen yanayi ta NiMet da takwararta mai lura da koguna, NIHSA, sukan fitar da sunayen wuraren da ake fargabar ruwa zai ci. Daga nan hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta karɓa, gidajen rediyo su yi ta nanatawa cewa mazauna kwari da bakin kogi su koma tudu. In ruwan ya zo ya yi ɓarnarsa, sai ka ji jami'i yana cewa ai an yi gargaɗi, mutane ne suka yi kunnen ƙashi.

Ni dai ban yarda taurin kai ne ke zaunar da yawancin mutanen nan ba. Dabbobinsu ne ke riƙe su, kuma sanarwar da ake yi ba ta taɓa faɗa musu inda za su kai su ba.

Ɗauki misalin wata uwar marayu a ƙauyen da ke bakin Gurara, can wajen Kwali ko Abaji. Abin da ta mallaka bai wuce 'yan awaki, tunkiya mai ciki da kaji a akurki ba. A cikinsu kuɗin makarantar yara yake, da na asibiti in ciwo ya taso da dare, da kayan ɗakin 'yar da za a aurar bayan kaka. Maƙwabcinta kuwa shanun huɗa biyu gare shi, waɗanda in ya rasa su ya rasa noman baɗi. Ka ce wa waɗannan su tashi su tafi makarantar firamare da aka ware, inda za a shimfiɗa tabarmi a aji, babu turke, babu harawa, babu mai gadi. In sun bar dabbobin a gida, ko ruwa ya ci ko ɓarawo ya kwashe. Abin da suke yi sananne ne: a tura yara da tsofaffi gaba, babba ɗaya ya tsaya gadi. Wani ma ya riga ya tsira, sai ya tuna akuya tana ɗaure, ya koma cikin duhu don ya kwance ta. A wannan komawar ake asarar rai.

Ruwan da ke damun Abuja iri biyu ne, kuma kowanne da shirinsa. Akwai na farat ɗaya, wanda ake tafkawa da dare ya cika magudanun da aka toshe da gini da shara. Irinsa ne ya shanye gidaje 116 a rukunin Trademore da ke Lugbe ranar 23 ga Yuni, 2023, shi ne kuma ke razana mutanen Lokogoma duk damina. Mafi muninsa muka gani a Mokwa ta Jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, inda ruwa ya auka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa da asuba, aka ƙirga gawa fiye da 150 cikin 'yan kwanakin farko. Irin wannan ba ya ba ka damar neman igiya. Ka ɗauki yara ka fita, shi ke nan.

Na biyun shi ne na kogi, wanda ke tasowa a hankali yana ba da alama: Usuma a Gwagwalada, Gurara a kudancin birnin, sai Binuwai da Neja musamman in an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Shi ne ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu a faɗin ƙasar nan a 2012, ya dawo a 2022 ya kashe fiye da 600, har ya yanke hanyar Lokoja a Koton Karfe, tankoki suka maƙale, mu nan Abuja muka koma layin mai. Wannan ruwan kwanaki yake bayarwa, wani lokaci makonni. Duk dabbar da ya ci, da an shirya da ta tsira.

Ba mu kaɗai ne muka taɓa shiga wannan matsala ba. Da guguwar Katrina ta doshi New Orleans ta Amurka a Agustan 2005, mutane da dama sun ƙi shiga motocin ceto saboda an ce ba za a ɗauki karnuka da kyanwoyinsu ba, wasu kuma suka mutu a gidajen. Shekara ɗaya bayan haka, a 2006, aka kafa dokar da ta wajabta wa jihohi sanya dabbobin gida cikin shirin kwashe jama'a in suna son tallafin gwamnatin tarayya. Amma Bangaladash ta fi kama da mu, domin can ma manoma ne masu shanu da awaki. Guguwar 1970 ta hallaka aƙalla mutum 300,000 a gaɓar tekun ƙasar. Bayan nan suka gina mafakar mutane, suka kuma tara ƙasa suka yi tuddai na musamman don dabbobi, suka horar da dubban 'yan sa-kai masu bi gida-gida da lasifika. Sun gane cewa manomi ba zai bar saniyarsa ba sai ya san inda za ta kwana. Yau guguwa mai ƙarfi takan zo ta wuce ba a yi asarar ko kusa da ta da ba.

Mu kuwa ko dabbobin da ke hannun hukuma ba su tsira ba. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi a Maiduguri, masu kula da shi suka ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, kadoji da macizai suka bi ruwa zuwa unguwanni. In haka ta faru da wurin da ke da ma'aikata da kasafi, ina ga akuyar talaka?

Abin da nake nema bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Shugabannin Kwali, Abaji, Gwagwalada da Kuje su zauna da hakimai, dagatai, ardo-ardo da sarakunan noma tun watan Mayu, a nuna wa kowane ƙauyen bakin kogi tudunsa da sunansa, kusa da inda mutanen za su kwana, yadda mai dabba zai riƙa leƙa abinsa safe da yamma. A kafa turaku, a tanadi dusa da harawa da ruwan sha, a sa 'yan banga gadi, a buɗe littafin da za a rubuta wa kowa adadin dabbobinsa da shaidarsu. Malamin dabbobi ya kasance a wurin da allurar riga-kafi, domin cakuɗa garkuna a laima yana saurin yaɗa cuta, kofato kuma yana ruɓewa a taɓo. Abuja tana da gandun kiwo irin na Paikon Kore da na Kawu, kuma tun 2024 akwai ma'aikatar bunƙasa kiwo sukutum a cikin birnin nan. Wannan aikinta ne.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne hanya. Ruwan kogi yakan cika ne a Agusta da Satumba, lokacin da amfani ke tsaye a gona, burtali da yawa kuma an nome su. Makiyayin da ruwa ya taso wa ruga da tsakar dare zai kora garkensa ta inda ya samu, gari ya waye masara ta kwanta, a tashi daga ambaliya a faɗa rikicin da ya fi ta muni. Don haka tilas a shata hanyar tun da wuri, manomi da makiyayi su amince a gaban hakimi, a kuma faɗi wanda zai biya in an yi ɓarna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maigida ma da nasa. Tawakkali bai hana dabara ba, kuma malamanmu sun sha faɗa mana cewa kare rai yana gaba da kare dukiya. In aka ce kogi na tasowa, a fara kai tsofaffi, masu ciki da ƙananan yara wurin dangi. Dabbobi su bi da rana, tun a-kori-kura na iya shiga ƙauyen, kaji a kwando, ƙananan 'yan awaki a amalanke. Wanda zai rage garke ya sayar tun kasuwa na da daraja, kafin dillalai su gane a matse yake. Takardun gona, katin asibiti da magungunan tsofaffi a ƙulle su a leda. In kuwa ruwa ya riga ka, to yanke igiyar, cire dabaibayi, buɗe garke da akurki. Dabbar da aka saki takan nemi tudu da kanta, wadda ke kan turke kuwa sai dai ta yi ta zagaye har igiya ta shaƙe ta. Kada kowa ya koma, domin ruwa mai gudu ko iya gwiwa ne yana kayar da ƙato. A kira 112.

Saura batun bayan ruwa ya janye. A binne mushe nesa da rijiya, kada yunwa ko ƙyashin asara ta sa a kai shi kasuwa. Sannan masu rabon tallafi su sake duba kayansu. Shinkafa, katifa da kwanon rufi suna da amfani, amma buhu yakan ƙare cikin wata guda. Matar da ta rasa awakinta, a ba ta akuya biyu masu haihuwa, a haɗa unguwar da bunsuru, a rubuta hakan cikin kasafin agaji na Babban Birnin Tarayya tun na wannan shekara.